Murfin Rijiyar da Ya Ƙi Ƙoshi

Taku goma sha ɗaya ne daga ƙofar ɗakina zuwa bakin rijiyar gidanmu. Nawa takun ke nan. Ita kuwa yarinyar, da ta fara tafiya, na ƙirga mata ashirin da bakwai, har da faɗuwa biyu a hanya. Ban yi nisa a boko ba, a aji huɗu na tsaya, amma wannan lissafin ba malamin da ya koya mini shi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Shanono, irin ƙauyukan nan da gonar wani ke ƙarewa a bayan katangar wani. Mu huɗu ne a gidan: ni da maigidan, da Inna mahaifiyarsa, sai yarinyar. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban uwar miji. Ko kuka yake yi sai ki kau da kai kamar na maƙwabta ne, har sai wani ya ce, "Ke, ɗauki yaron nan mana." Shi ma maigidan ɗan fari ne a wajen Inna. Ga shi da gemu, amma har lokacin "mutumin nan" take ce masa, kuma in tana da magana da shi, ni take kallo ta faɗa.

Rijiyar a tsakar gida take, bakinta bai kai gwiwata ba. Murfinta wasu tsofaffin katakai ne guda uku da aka haɗa tun kafin a kawo ni gidan. Damina ta jiƙa su, rana ta busar, gara ta bi ta ciki ta cinye, fatar sama kawai ta rage. Wata rana ɗan akuyarmu ya hau kai, ƙafarsa ta burma, muka ji ɓurɓushin katako yana zuba a ruwa can ƙasa. Shi dai ya fizge ƙafarsa ya gudu. Ni ce na kasa cin tuwo ranar.

A shekarun nan ne na tsada, lokacin da ake tambayar kuɗin kwanon masara a yi salati a wuce. Miyarmu kullum kuka ce. Man gyaɗa kuwa kwalba ɗaya ce a ɗakin Inna, da murfin kwalbar take aunawa, shi ma sai ranar Juma'a. A irin wannan lokaci ba a tarar namiji da maganar katako kai tsaye. Na jira ya gama cin abinci, na ce, "Malam, rijiyar nan tana son sabon murfi."

Ya ce, "Me ya faru?"

Inna tana zaune a gefe tana gyaran zogale. Na dubi ƙasa na ce, "Kada akuya ta faɗa."

Ya yi dariya. "Akuya ai tana da hankali. Ta ga abin da ya sami ɗanta, ba za ta je ba."

Bayan kwana biyu na ce kada kaza ta faɗa. Ya ce kaza tana da fiffike. Na ce ƙura da ganye suna ɓata ruwan. Ya ce a tace. Abin da akuya da kaza suka kasa, hularsa ce ta yi shi. Ya sunkuya ran nan yana duba ko ruwa ya ja baya, sai hular Sallarsa ta sulluɓe ta faɗa ciki. Aka yi rabin yini ana kamun ta da ƙugiya. Da ta fito duk laka, ya miƙe ya ce, "Wallahi rijiyar nan haɗari ce. Ban san me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa mini ba."

Ranar kasuwar Bici ya dawo da katakai ɗaure a bayan acaɓa. Ban taɓa ganin irinsu ba: ja-ja ne, marasa nauyi, ga wani ƙamshi da ya riga su shigowa gida. Ya ce daga jikin wani babban akwati aka ɓalle su, wanda aka sako inji a ciki daga ƙasar waje, mai shagon ya bar masa da araha. Ya ce sunan itacen sida. Ya maimaita sunan sau uku, yana duban mu ko za mu yi mamaki. Inna ta ce mini, "Ke, ce wa mutumin nan ya yi kyau."

Kafintan garinmu ya zo da zarto da guduma, kafin azahar ya gama. Murfi ne mai kusurwa huɗu, ya rufe bakin rijiyar har ya yi saura, a tsakiya da 'yar ƙaramar ƙofa ta zura guga. Ina leƙe ta labule, zuciyata fari tas. Na ce yau zan sauke goyo in yi daka hankali kwance.

Sai kafinta ya kakkaɓe hannu ya ce, "Amma fa, Malam, kada ka kuskura ka sa shi a waje haka. Shi katako in cikinsa ba komai, ruwa zai sha, ya kumbura, ya tsage. Sai an ba shi mai ya sha ya ƙoshi tukuna. In ya ƙoshi za ka gane: ka ɗiga masa ruwa, in ɗigon ya tsaya a kai bai shige ba, to ya ƙoshi."

Maigidan ya ce, "Wane irin mai?"

Kafinta yana kan kekensa ya ce, "Mai dai."

Wannan "mai dai" ita ta cinye mana wata biyu.

Aka kai murfin zaure, aka ɗora shi a kan bulo biyu, aka jingina da bango. Tsohon murfin kuwa an riga an faskara an dafa tuwo da shi. Rijiya ta koma baki buɗe, ta fi da muni. Na sa aka saro mini ƙayar magarya na kewaye ta. Ƙayar nan ni ta fi soka, don ni ce mai jan ruwa.

Bayan la'asar maza kan zauna a dakalin ƙofar gidanmu, katanga ɗaya ce tsakaninsu da madafata, don haka komai a kunnena. Ranar aka fito da murfin aka nuna musu. Kowa ya shinshina ya ce ma sha Allah. Mai injin niƙa ne ya fara.

"Baƙin mai, Malam, wanda aka juye daga inji. Ka ga ƙyauren shagona? Gara in ta zo wucewa sai ta toshe hanci."

Malamin firamare, wanda ya yi karatu a kwalejin Bici, ya ce, "Haba! Ku fa matsalarku ba ku san kimiyya ba. Rijiya ce fa, ruwan sha. So kake mutane su riƙa gyatsar hayaƙi kamar injinka? Banish, man ƙyallin katako na gwangwani, ake shafa wa irin wannan, hannu uku. Kowane hannu a bari ya bushe, a goge da samfefa, a sake."

Maigidan ya ce, "Nawa ne gwangwanin, Malam?"

Malamin ya faɗa. Sai na ji wani ya ce, "Allah ya kyauta," kamar an yi rasuwa.

Sai Baba magini, tsohon da ya gina rabin garin, ya yi gyaran murya ya ce makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa daɓe da katanga don ruwa ya zame. Malamin firamare ya ce, "Baba, makuba ai ta ƙasa ce, wannan kuwa katako ne." Baba ya ce, "To katakon daga ina ya fito, daga sama?" Mai inji ya ce daga Turai. Baba ya ce, "A Turan ba ƙasa?" Aka kira magariba suna kan ko akwai ƙasa a Turai. Washegari suka ɗora daga nan.

Da maigidan ya gaji da jin su, sai ya yanke abin da ba wanda ya ba shi shawara a kai. Ranar da Inna ta tafi barkar haihuwa, ya shiga ɗakinta ya fito da kwalbar man gyaɗa. Na ce, "Malam!" Ya ce, "Kaɗan zan ɗiba." Ya sami tsumma ya hau shafawa. Ina tsaye ina gani: yana shafawa katakon yana shanyewa, kamar an zuba ruwa a kan yashi. Kafin ya kai ƙarshen gefe ɗaya, farkon ya bushe. Man Juma'a takwas ya tafi a zama ɗaya.

Inna ta dawo ta ɗaga kwalbar ta duba ta a rana. Ta juyo wajena.

"Ke, ina man?"

Na ce, "Inna, katako ne ya sha."

"Katako."

"E, Inna."

"To tambayi mutumin nan, ya ƙoshi?"

Yana tsugune a bakin zaure ya ce, "Da ɗan saura, Inna."

Ta ce, "Allah sarki, baƙo. Ke, maza dama masa kunu ya ɗora. In da sauran daddawa a sa masa, kada ya koma Turai ya ce mun yi masa rowa."

Kafin gari ya waye kiyashi sun yi layi daga bayan gida zuwa zaure. Akuyar nan mai hankali ta gano hanya, tana faɗa wa murfin da lasa. Ɓera ya gwada haƙorinsa a gefe. Kullum da safe kuwa, daga masallaci maigidan zai ɗauki buta ya tsuguna, ya ɗiga ɗigo ɗaya, ya zuba masa ido. Ɗigon ya ɗan tsaya, ya baje, ya shige. Sai ya girgiza kai ya ce, "Da saura." Ban taɓa ganin ya dubi fuskar ɗayanmu da safe da irin wannan kulawa ba.

Labarin ƙamshin kuma ya zaga gari. Mata suka fara shigowa gaida Inna, gaisuwar da ba a saba ba. In za su fita sai su ce, "Inna, a ɗan ɓantaro mana na turaren wuta." Inna da wuƙarta ta yankan kuɓewa, tana cewa ai ko ba komai a ci moriyar man da ya sha. Kusurwa ɗaya ta fara zama kamar bakin ƙwarya. Na lissafa, in aka ci gaba a haka, kafin murfin ya ƙoshi zai koma faifai.

Ni kuwa yarinyar tana bayana daga safe har yamma. Da ita nake daka, da ita nake shara, da ita nake jan ruwa a karkace, ina dafe da ita da hannu ɗaya. Ta yi nauyi, tana harbi tana son sauka. Inna ta ce, "Ke, sauke yarinyar nan ta taka ƙasa. Ko kin fara rashin kunyar matan yanzu ne, masu rungume ɗan fari kamar a kansu aka fara haihuwa?" Sai in sauke ta, in kama tsince shinkafar da babu, idona ɗaya a faifai ɗaya a kanta. Ko ta wane gefe na ajiye ta, fuskarta rijiya take dosa.

Akwai darbejiya a bayan gidanmu da reshenta ya leƙo ta kan katanga, a lokacin 'ya'yanta sun nuna suna zubowa. Na tuna kakata tana shafa wa turminta man darbejiya duk shekara, turmin nan kullum a waje yake, bai taɓa tsagewa ba, gara ba ta taɓa kusantar sa ba. Na riƙa tsince 'ya'yan, na wanke, na shanya, na ɓare, na daka ƙwayar ta yi laushi, na riƙa murzawa da ɗan ruwan ɗumi har man ya fito. Kwana goma na samu cikin kofin shayi biyu. Na nuna wa maigidan. Sai ya kai maganar dakali. Dariyarsu har madafa.

Mai inji ya ce, "Man kwarkwata? Katakon Turai za a shafa wa man kwarkwata?"

Malamin firamare ya ce ba ya cikin littafi. A ranar kaɗai na ji bakinsu ya zo ɗaya. Na tura man ƙarƙashin gado.

Ruwan farko ya zo da rana tsaka, da iska mai ƙarfi. Ina kwashe shanya na ga maigidan ya shigo a guje daga gona, ya wuce ni, ya wuce Inna, ya shiga ɗaki ya cire ledar da nake shimfiɗa wa yarinyar, ya yi zaure da ita. Zauren yana yoyo. Ya lulluɓe murfin, ya danne da duwatsu, shi kuma ya tsaya a jiƙe yana gadi. Da ruwa ya ɗauke ya leƙo yana murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Ruwa ya shigar mini ɗaki, na sauke yarinyar a kan gado na kama kwalfewa da kwano. Ban san minti nawa na yi ba. Na ɗago, gado ba kowa.

Iska ta kwashe ƙayar ta tara ta a jikin katanga. Yarinyar tana bakin rijiya. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, cikinta a kan gefen da ya jiƙe yana santsi, kanta da hannu ɗaya a ciki, tana miƙa wa igiyar guga. Ƙafa ɗaya ta bar ƙasa.

Ban yi ihu ba, na san in ta firgita shi ke nan. Na taka laka a hankali har na damƙi rigarta ta baya na fizgo ta. Sai da na ji ta a ƙirjina sannan bakina ya buɗe. Na kira sunanta. Na sake kira. Sau uku na kira shi da ƙarfi, a tsakar gida, a gaban Inna, sunan da tun ranar suna bai taɓa fita daga bakina ba. Yarinyar ma sai ta bar kuka tana kallona, ba ta san na san shi ba.

Na goya ta na ɗaure da kyau. Na shiga zaure, na watsar da duwatsun, na yaye ledar, na kama murfin na fara ja.

Maigidan ya ce, "Ke! Lafiyarki? Ƙasa a jiƙe take! Bai ƙoshi ba!"

Na ce, "Malam, wa ya ƙoshi a gidan nan?"

Ya buɗe baki. Ban bari ya yi magana ba, don na san in na tsaya ba zan iya ƙarasawa ba. Na ce, "Ba akuya ba ce. Tun farko ba akuya ba ce, ba kaza ba ce. 'Yata ce. Yanzu na ciro ta daga bakin rijiya."

Na jira faɗan Inna. Sai na ji takunta a bayana. Ta zo ta tsaya a gabansa, ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Kai dai an yi sakarai. Tun da matarka ta ce maka akuya ba ka gane ba? Lokacin da kake rarrafe, na ce wa ubanka a kewaye murhu kada kyanwa ta ƙone. Kyanwa muke da ita?"

Ashe ta sani tun ranar farko. Ni ina jiran ta gane ta yi magana, ita tana jiran ɗanta ya gane da kansa, shi kuma yana jiran katako.

Ya dubi bayana inda yarinyar ta kwantar da kai, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya ya ɗauki murfin shi kaɗai, ya kai ya ɗora a bakin rijiya, ya gyara shi ta kowane gefe, ya hau kai da ƙafa biyu ya yi tsalle. Murfin bai motsa ba. Ya sauko ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ina man nan naki?"

Da rana ta fito muka shafa shi a nan inda yake, sama da gefe-gefe kawai, muka bar cikin don kada ɗaci ya sauka a ruwa. Kwana uku muna yi, kullum da hantsi in katakon ya ɗau zafi. Wanda bai san warin man darbejiya ba, Allah ya bar shi a haka. Ƙamshin Turai ya tafi bai dawo ba. Masu gaida Inna suka ɗauke ƙafa. Akuya ta lasa sau ɗaya, ta yini tana yamutsa baki. A rana ta huɗu maigidan ya ɗiga ruwa, ɗigon ya dunƙule ya zauna a kai har rana ta shanye shi. Da yamma na ji malamin firamare yana bayani a dakali cewa dama a kimiyyance darbejiya tana da sinadari, shi ya so ya faɗa tun farko aka katse shi.

Mako ɗaya na yi ina daka ba goyo. A na biyu na fito na tarar da yarinyar zaune a kan murfin, ta sa yatsu biyu a marikin 'yar ƙofar guga, ta ɗaga ta kamar faɗin hannu, tana leƙawa. Da yamma, Inna tana zaune, na ce, "Malam, a sa wa ƙofar nan kwaɗo. Saboda yarinyar." Ya fara cewa, "To wane iri, don akwai na..." sai Inna ta yi tari. Kafin isha ya kawo shi.

Makullin a wuyana na rataye da zare. Duk mai son ruwa a gidan nan sai ya neme ni, ko Inna ce, kuma ina tsaye har a gama a rufe. Sai da yarinyar ta shekara shida, ta iya jan ƙaramin guga da kanta, na cire shi na rataye a ƙusa. Bai yi wata a can ba ƙanenta ya fara rarrafe, na mayar da shi wuyana.